Idon Da Ya Shiga Ba Sallama

Shekara biyu Basira ta yi tana buga takardu a shagon kwamfutar Malam Usmanu da ke bakin tashar Isa, ba ta taɓa leƙen fuskar kwamfutar kowa ba. Sai ranar Larabar nan.

Dokar shagon ce, Malam Usmanu kuwa ba ya gajiya da nanata ta. Cewa yake fuskar kwamfuta ɗakin mutum ce, ba a shiga sai da sallama. In mutum zai sa lambobinsa na sirri, a kau da kai. In za a wuce ta bayan mai aiki, a yi gyaran murya, ido na ƙasa. Har tsokanar Basira ake yi wai ta fi mai dokar riƙo da ita, domin ita in ta kau da kai sai ta haɗa da jan mayafi ta kare gefen fuska, kamar wadda ta yi kiciɓis da suruki.

Wannan kau da kan ne ma ya jawo mata Fatihu.

Fatihu ɗan Fulanin wajen Turba ne, aikinsa rigakafin dabbobi. Yakan zo shagon saboda wutar sola, ya jona kwamfutarsa ta hannu, ya shigar da sunayen rugagen da ya yi wa shanunsu allura. Ranar da ya furta mata yana sonta, bai yabi ido ko haƙori ba. Ce mata ya yi, "Tun ranar da kinka juya kai ina sa lambobina nis san ke mai amana ta."

Daga ranar ya jawo teburinsa daga kusurwa ya kawo shi gaban nata. Yakan ba ta baya ya yi ta aiki, fuskar kwamfutarsa a buɗe tana fuskantarta wuni guda. Bai taɓa waiwayowa ya ga ko tana kallo ba.

Mahaifinta, Malam Maliki, shi ne ya ƙi. Wata uku ke nan da ya yanke maganar a taƙaice: "Ba ni da ƙiyayya da yaron, amma ba ni ba ɗan ruga ɗiyata cikin wanga zamani."

Kowa ya san inda ke yi masa ciwo. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tare babban ɗansa Mus'ab a hanyar Sabon Birni. Kwana arba'in ya yi a daji. Ya dawo da ransa, amma har yau in babur ya wuce da ƙarfi sai ya tashi tsaye yana rawar jiki. Daga baya aka gane wanda ya ba da labarin ranar fitarsa da hanyar da zai bi mutum ne da suke cin tuwo kwano ɗaya.

Ga kuma Gwaggo Saude, yayar Malam, wadda ta raini Basira bayan rasuwar mahaifiyarta. Ita tuni ta gama yi wa ɗanta Zayyanu kamu a zuciyarta, shi da ke shugabantar samarin da ke sintirin unguwa. Basira ta ce ba ta so, Malam ya ce ba zai tilasta ba, aka tsaya a nan kowa na jiran wani ya gaji.

To, ranar Larabar an kira Azahar, Fatihu ya fita alwala ya bar kwamfutarsa a buɗe kamar kullum. Takarda ta maƙale a injin buga takardu da ke gefen teburinsa. Basira ta sunkuya za ta zaro ta, idonta ya sauka a kan gilashin.

Da sunan wani ne da ta kau da kai. Sunan ubanta ne.

Layi huɗu ta karanta, tana ji a ranta ba daidai take yi ba, ta kuma kasa dainawa.

Baba Ɗanmusa, Tozai. Ba ya fita ranar Juma'a. Babura biyu sun isa.

Kawu Abdurra'uf, Bafarawa. A same shi kafin kasuwa ta watse.

Malam Maliki, Isa. Talata bayan La'asar yana gida. A shiga ta lungun baya, kada kowa ya gani.

Kada Basira ta sani sai an gama.

Takardar da ta zaro ta suɓuce daga hannunta. Ƙanin ubanta ne da yayan uwarta da uban kansa, kowanne da ranar da ake samunsa da hanyar da za a bi. A garin da ba a taɓa kwasar mutane ba, wataƙila mutum ya tsaya ya yi tunani. A Isa kuwa ko jariri ya san irin takardar da ake rubuta wa haka.

Ta ji takun takalmin Fatihu a ƙofa. Kafin ya shigo ta koma kujerarta, ta ɗora yatsu a kan madannai tana buga abin da ba ta sani ba.

"Na taho maki da nono daga gida," in ji Fatihu, yana ajiye gora a gefenta, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. "Inna tac ce in hwaɗa maki na saniyarta na, ba na kasuwa ba." Ya dube ta da kyau. "Lahiya dai, Basira?"

"Kaina ka ciwo."

"Sannu. Ki ce ma Malam Usmanu shi sallame ki mana."

Tambaya ɗaya ce tsakaninta da gaskiya, ga mutumin tsaye a gabanta yana yi mata sannu. Amma wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ta dubi hannun da ya miƙo mata gorar, sai ta tuna wancan da ya ci amanarsu ma da hannunsa ya riƙa zuba wa Mus'ab miya.

Ta ɗauki jakarta ta fita, ta bar nonon a nan.

Da safiyar Alhamis ba ta je aiki ba. Ta zauna bakin murhu da kofin koko a hannu har ya yi sanyi. Can ta ɗaga ido ta ga mahaifinta zaune a zaure yana jan carbi, ƙeyarsa duk furfura, sai hawaye suka ɓalle mata.

Gwaggo Saude, wadda ko ƙuda ba ya giftawa a gidan ba ta san inda za shi ba, ta ja ta ɗaki ta saki labule.

"Mi yas same ki?"

"Ba komi, Gwaggo."

"Ba komi na ka sa mutum kwana da yunwa? Ni nir raine ki, yarinya. Hwaɗa mani."

"Ni dai ki ce ma Baba kada shi zamna gida ran Talata. Shi tahi ko ina na, shi kwan can."

Gwaggo ta ƙura mata ido. Ta matso, ta kama hannunta ta murɗe a hankali. "Wa yah hwaɗa maki za a zo ran Talata?"

"Ba kowa."

"Basira, uwarki na kwance cikin ƙasa, ubanki ɗai yar rage maki. In wani abu yas same shi kina sane, ina za ki sa kanki?"

Nan Basira ta durƙushe, ta kifa kai a cinyar Gwaggo tana kuka kamar ranta zai fita. "Gani niy yi. Ban so in gani ba, wallahi ban so ba. Ila ba hakanan ba na, Gwaggo, ila ni ta ban gane ba. Ki rantse ba ki hwaɗa ma kowa sai na tambaye shi."

"Shi wa?"

Ba ta ma bukatar faɗa, domin ta ji hannun da ke shafa bayanta ya tsaya cak.

"Ɗan rugan nan," in ji Gwaggo. "Cikin na'urar tashi kinka gani?"

Da kuka da shessheƙa Gwaggo ta zare layukan nan huɗu daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. Tsakani da Allah tsohuwar ta tsorata, don ƙaninta ne ake magana. Sai dai mai neman kuka ne aka jefa da kashin awaki. Ta miƙe tana laluben mayafi.

"Gwaggo, kin ce ba ki hwaɗi."

"Ban ce ba. Ke kinka ce in rantse, ni ko ban rantse ba."

Basira ta riƙe mata zani. "Don girman Allah ki bari in tambaye shi. Kin san abin da a ka yi ma wanda anka kira da wanga suna."

"Na kuma san abin da anka yi ma Mus'ab." Ta fizge zaninta ta fice, ta nufi ɗakin Zayyanu.

Magana zarar bunu ce. Basira ta ɗauki waya ta kira Fatihu, ba sabis, kamar yadda aka saba a garin in an fi bukatarsa. Ta sake kira, ta sake. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa zaure ta ga Malam ya fita. Hantsi bai gama dubawa ba ta ji babura na wucewa a guje, sannan ta ji maƙwabciya na gaya wa wata ta kan katanga, "An kama infoman 'yan bindiga bakin tasha, wai ɗan Hillanin nan mai allurar shanu."

Ba ta san sanda ta fita ba. Takalmi ɗaya nata ne, ɗaya na Gwaggo.

Tun daga nesa ta hango taron. Mutane sun fi ɗari a ƙofar shagon, wasu da gorori, wasu da duwatsu, masu lodin mota sun bar lodi sun zo. Ba ihu ake yi ba, wani irin gunaguni ne ke tashi ƙasa-ƙasa, shi ne ma ya fi ba ta tsoro. Ta taɓa jin irinsa sau ɗaya bara, kuma wanda aka yi wa bai ga la'asar ba.

Ta kutsa ta cikin mutane har ta kai gaba.

Fatihu na jingine da bangon shagon, leɓensa ya fashe, hularsa na ƙasa an tattake. Ya rungume kwamfutarsa a ƙirji da hannu biyu. Malam Usmanu ya tsaya a gabansa ya buɗe hannuwa, babbar rigarsa ta yage a kafaɗa. Zayyanu na tsaye da sanda, samarinsa na bayansa.

"Buɗe ta," in ji Zayyanu. "In kana da gaskiya buɗe ta kowa shi gani."

"Ba ni buɗe ta gaban taro."

"Kun ji ko? Mai gaskiya ka ɓoye abu?"

Gunagunin ya ƙaru. Wani dutse ya daki ƙyauren shagon. Basira ta ƙura wa Fatihu ido. A ranta roƙonsa take ya buɗe, ko mene ne ciki ya buɗe.

Fatihu ya ɗaga murya. "Jama'a, cikin wagga na'ura akwai sunan ruga tamanin, da inda kowace take, da yawan shanunta. Mutane sunka yarda da ni sunka hwaɗa mani don a yi ma dabbobinsu allura. In ido ɗari yag gani yau, gobe daji ya sani. Amana ta. Ku kashe ni in kuna so, ba ni baje ta bakin tasha."

"Za a ko yi maka yadda kac ce," wani ya faɗa daga baya.

Daidai nan taron ya dare. Malam Maliki ne ya iso, carbinsa a hannu, yana tafiya kamar mai zuwa masallaci. Ya dubi Fatihu, ya dubi Zayyanu, sannan idonsa ya sauka kan 'yarsa da takalmanta mabambanta.

"An ce sunana na ciki," ya ce. "Tunda nawa na, ni ad da hakkin gani. Kowa shi tsaya inda yake. Wanda yas sake jifa, ni yaj jefa." Ya juya ga Fatihu. "Yaro, in mun shiga ciki, ka yarda in ga wurin da sunana yake? Nan ɗai, ban da sauran."

Fatihu ya sauke kwamfutar daga ƙirjinsa. "Na yarda, Baba."

Suka shiga su huɗu, Malam da Fatihu da Malam Usmanu da Zayyanu. Basira ta bi bayansu ta raɓe jikin ƙyaure, ba wanda ya kore ta. Malam Usmanu ya tura ƙofa ya sa sakata. Gorar nonon jiya na nan kan teburinta inda ta bar ta.

Sai ga wata matsala. Malam Maliki ya sauke Alƙur'ani tun yana ɗan sha biyar, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba.

"Kawu, ni in karanta maka," in ji Zayyanu.

"Ban yarda da idonshi bisa na'urata ba," Fatihu ya ce.

"To Malam Usmanu," in ji Malam Maliki.

"Abokin cin mushenshi na," in ji Zayyanu. "Rufa mashi za shi yi."

Malam ya ja carbi sau biyu. "To, wanda yag gani tun farko shi zo shi karanta. Shi yas san abin da yag gani."

Fatihu ya ɗago kai. "Ni ma shi nike son in sani, Baba. Tun safe nike tambaya. Ba wanda ka zama bayana cikin shagon ga, in ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya juyo a hankali.

Da ƙasa za ta tsage da Basira ta shige. Ta ɗaga ƙafa ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu, hawaye na zuba ba ta ko sharewa.

"Ni ta," ta ce.

Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Kallonta kawai ya yi, irin kallon da mutum ke yi wa gidansa in ya dawo ya tarar ruwa ya cinye. Ya ajiye kwamfutar a kan tebur ya buɗe murfin. Ya kai yatsu zai sa lambobinsa, sai Basira ta kau da kai, ta ja mayafi ta kare gefen fuska, don jikinta ya riga ya saba.

"Ba sai kin juya ba yanzu," ya ce a hankali.

Ta ji maganar har cikin ƙashinta.

Ya buɗe takardar, ya ja ta sama zuwa farkonta, ya matsa gefe. "Bismilla. Yau da izini na."

Ta sunkuya. Rubutun na rawa a idonta saboda hawaye. Akwai layuka biyu a sama waɗanda jiya gilashin ya ɓoye mata. Ta karanta su a zuci, sai ta toshe baki da mayafi.

"Karanta a ji," in ji Malam.

"Baba..."

"Karanta."

Muryarta ta fito kamar ta mai zazzaɓi. "Dattawan da Baffa Wakili zai kai wa goro, su taya mu roƙon Malam Maliki a kan Basira. A fara da Tozai da Bafarawa. In sun amince, su rako shi Isa."

A ce budurwa ta karanta zancen aurenta da bakinta a gaban ubanta, wannan kaɗai ya isa kunyar shekara. Amma kunya ba ta sami wurin zama a zuciyarta ba, nadama ta riga ta cika ko'ina.

"Ci gaba," in ji Malam.

Ta karanta na Baba Ɗanmusa da baburansa biyu, ta karanta na Kawu Abdurra'uf. Ta zo kan na mahaifinta, ta karanta lungun baya. Ta zo layi na huɗu, inda idonta ya tsaya jiya. Ashe akwai sauran magana a ƙasa.

"Kada Basira ta sani sai an gama. Ta sha kuka a kan maganar nan, kar a sa mata rai a banza. Dalilin bin lungu kuwa, in Malam ya sake ƙi, kada gari ya ji an tara masa dattawa ya mayar da su. A tsare masa mutuncinsa ko ya ba mu ko ya hana."

Carbin Malam ya tsaya a hannunsa.

"Ƙarya ta," in ji Zayyanu, amma muryarsa ta rage kauri. "Ya ji an gane shi, shi ag gyara ta yau da safe."

Basira ta share ido da bayan hannu. Wannan kam aikinta ne. Ta nuna gefen gilashin da yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Na'ura na rubuta lokacin da anka taɓa takarda na ƙarshe, Yaya Zayyanu. Ga shi nan. Jiya, sha biyu da minti arba'in, kahin Azahar. Kahin in gani." Ta dubi Fatihu. "In ka yarda shi duba wurin nan ɗai."

Fatihu ya gyaɗa kai. Zayyanu ya leƙa, ya daɗe yana leƙen abin da bai fi kalma biyar ba. Ya miƙe, ya rasa inda zai sa sandarsa, ya jingine ta da bango.

Malam Maliki ya zare sakata da kansa ya fita. Ba ya daga cikin masu ɗaga murya, amma ranar har masu shayin ƙarshen tasha sun ji shi.

"Na ji abin da ke ciki. Ba infoma ba na. Mai neman ɗiyata na, takardar gaisuwar iyaye ta. Mu munka yi kuskure, daga gidana kuskuren yah hito. Wanda ke riƙe da dutse shi aje, shi tahi shi nemi gahwarar Allah, don saura kaɗan mu kwan da jinin bawan Allah bisa wuyanmu."

Aka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa na nuna shi da ma kallo ya zo. Zayyanu ya bi ta gefen Malam ya fice kansa a ƙasa. Wani ya ɗauko hular Fatihu ya kakkaɓe ya miƙo ta ƙofa.

Malam ya dawo ciki. Ya tsaya gaban Fatihu ya dubi leɓen da ya fashe.

"An sa maka sanda ka tona asirin mutane, ka ƙi," ya ce. "Ni kuma nic ce ba ni ba ka ɗiyata don ina tsoron cin amana." Ya girgiza kai. "Ka ce ma baffanka Wakili ran Talata ina gida bayan La'asar, kamar yadda kar rubuta. Amma shi biyo ta ƙohwar gaba."

Maganar da Basira ta yi wata uku tana roƙon Allah ta ji ke nan. Ta ɗaga ido ta dubi Fatihu.

Ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ɗa ke yi wa uba. "Na gode, Baba. Allah shi ƙara girma." Bai ce za su zo ba, bai ce ba za su zo ba.

Malam ya lura, domin ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu. Sai ya dafa kafaɗar Malam Usmanu suka fita ƙofar shago, suka tsaya inda ake ganinsu ba a jin su.

Basira ta matso. "Fatihu, ka yahe mani."

"Na yahe."

"Ba hakanan ba. Ka dube ni ka ce."

Ya dube ta. "Ganin ba komi na ba, Basira. Ido na faɗawa inda ba a aike shi ba. Da kin ce mani, Fatihu mi na na wanga, da dariya za mu yi." Ya taɓa leɓensa ya dubi jinin. "Na shigo na iske ki, na ba ki nono, na tambaye ki lahiya. Ina tsaye gabanki. Kinka dube ni, kinka ga mutumin da ka iya sai da ubanki."

"Tsoro na. Ka san abin da anka yi muna."

"Na sani. Mu ma an kore muna shanu, an kashe muna mutane. Kowa na jin tsoro garin ga. Cikin mutum ɗarin da sunka taru waje ba wanda yab ba ni mamaki, sun ga ɗan ruga da na'ura. Ke ɗai nika ba baya in zamna."

Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa tebur. "In ka ce in bi Tozai da Bahwarawa da ƙahwa in hwaɗa ma kowa laihina na, za ni yi. In ka ce in bar aikin ga, na bari. Ni dai hwaɗa mani, ran Talata suna zuwa?"

Ya sa hularsa. Ya kama teburinsa da hannu biyu ya ja shi, ƙafafun na ƙara a kan siminti, har kusurwar da yake zama kafin ya san ta. Ya zauna ya jingina bayansa da bango, ya juya kwamfutar ta fuskance shi.

Daga inda take tsaye ba abin da take gani sai baƙin bayan murfin.

Ta san takardar na nan a buɗe gabansa, da sunan ubanta da nata. Ta ga idonsa na bin layukan daga sama har ƙasa. Ta ga ya ɗaga hannu ya daɗe bai sauke ba. Sannan ta ji ƙarar madanni, sau ɗaya tak.

Ajiye takardar ya yi ko goge ta, ba ta sani ba. Taku uku ne tsakaninta da amsar, ta zagaya kawai ta leƙa.

Basira ta ja mayafinta ta kare gefen fuska, ta juya kai ga bango, ta tsaya tana jira a ce mata bismilla.